Kasuwar kyamara ta farfaɗo ne da gaske, ko lissafin ne ke ruɗar mu?

Mai Shagon Waya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara daga masu sana'ar hoto da bidiyo da ke cikin wannan zaure. Ni waya da kayanta nake sayarwa, amma a 'yan watannin nan tambayar kyamara ta yi yawa a shagona. Wasu DJI Osmo Pocket suke nema, wato ƙaramar kyamarar bidiyo ta riƙewa a hannu, wasu kuma, musamman 'yan mata, ƙananan kyamarorin aljihu irin na da suke tambaya, Canon ko Sony. Na kuma karanta cewa cinikin kyamara a duniya ya ƙaru a 2024 bayan shekaru yana sauka, har ana hasashen zai ci gaba da hawa. Ina tunanin cire wani kaso na jarina in zuba a wannan layi. Ya kuke gani?

Baba Mai Hoto:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bi a hankali. Mu da muka fara da fim da ɗakin wanki mun ga tashi da faɗuwar wannan kasuwa sau biyu. Da kyamarar dijital ta zo, duk wanda ya tara fim da ruwan wanki a shago sai da ya yi asara. Waɗanda suka koma sayar da ƙananan kyamarorin dijital sun ci riba 'yan shekaru, sai waya ta zo ta kwashe masu saye. Akwai shagunan da har yau za ka tarar da su a kwali, batir ɗinsu ya kumbura, ba wanda ya taya. Tambayar mutum goma a shago ba ita ce kasuwa ba.

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Baba ya yi gaskiya, kuma alƙaluma suna bayansa. Labarin da ka karanta daga CIPA ya samo asali, wato ƙungiyar kamfanonin ƙera kyamara ta Japan, wadda Canon da Nikon da Sony da Fujifilm da Panasonic ke ciki. Duk wata suna fitar da adadin kyamarorin da kamfanonin suka fitar zuwa kasuwa. A 2010 adadin ya kai kusan miliyan 121, kuma ba a sake ganin irinsa ba. A 2019 ya dawo miliyan 15 da ɗoriya. A 2020, shekarar korona, ya faɗi ƙasa da miliyan 9. A 2023 ya tsaya wajen miliyan 7.7. Sai a 2024 ya hau zuwa kusan miliyan 8.5.

To daga 7.7 zuwa 8.5 ƙarin kashi 10 cikin ɗari ne, ba ƙarya aka yi ba. Amma ka ajiye 8.5 kusa da 121 ka duba. Kasuwar ta rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na girmanta, sannan ta ɗan ɗago kai. Mai rubuta kanun labari zai ce "ciniki ya ƙaru da kashi 10", kai kuma mai zuba jari dole ka tambaya: ya ƙaru daga ina?

Sannan ka lura, abin da suke ƙirgawa kayan da suka bar masana'anta ne zuwa hannun dillalai. Ba wai an saya an kai gida ba.

Mai Shagon Waya:
Na gode Malam. To amma me ya sa kamfanonin ba su rufe ba, in dai faɗuwar ta kai haka?

Editan Zoo Road:
Nan ne nake da ja da Malam. Ƙirga kai kawai bai ba da cikakken hoto ba. Waccan miliyan 121 ta 2010, sama da miliyan 100 daga ciki ƙananan kyamarorin aljihu ne masu arha, irin wanda ake saya wa yaro ko a tafi da shi Hajji. Su waya ta kashe, kuma ba wanda ke musu. Yawancin abin da ya rage yanzu kyamarori ne masu canjin gilashi, wato waɗanda ake cire idon gabansu a sa wani, waɗanda ɗaya ke cin kuɗin goma na waccan. Shi ya sa in ka duba kuɗin da aka samu maimakon adadin kai, raguwar ba ta kai ko kusa da kashi 90 ba. Kuma wanda ya sayi jikin kyamara bai gama sayayya ba, zai dawo neman gilashi, da batir, da fitila. Canon da Sony ba sa kuka a kan wannan sashe.

Mu da ke aikin bidiyo mun san abin da ke jan kasuwar. Tun 2008 da Canon ta fitar da 5D Mark II, kyamarar hoto ta zama kyamarar fim. Kafin nan, wanda yake son hoton da bayansa ke dusashewa kamar na silima sai ya nemi kayan da ba kowa ke iya taɓawa ba. Yau ku shiga duk wani wurin ɗaukar shiri mai dogon zango a Kano ko Kaduna ko Jos, Sony ko Canon ko Blackmagic za ku gani a kan ƙafa. A 2024 Nikon ta sayi kamfanin RED na Amurka, masu ƙera kyamarar silima. Kamfanin da ya yi suna da hoton tsaye ba zai yi haka ba sai ya ga inda kuɗi suka koma.

Malamin Lissafi:
Ƙanina ban musa maka ba, kuɗin bai faɗi kamar yadda adadin ya faɗi ba. Amma ka ƙara abu ɗaya a lissafin. CIPA da kuɗin yen take ƙirga. A 2011 dala ɗaya wajen yen 80 ce, a 2024 ta wuce yen 150. Kamfanin Japan da ya sayar da kyamara a Amurka da dala, in ya mayar da kuɗin gida sai ya ga sun kumbura ko da bai ƙara sayar da ko guda ba. Wani ɓangare na "ci gaban" daga nan ya fito.

Game da tambayar mai shago, ai wasu sun rufe. Samsung ta bar ƙera kyamara tsakiyar shekarun 2010. Casio ta daina na aljihu a 2018. Olympus, da duk tarihinta, ta sayar da sashen kyamararta ga wani kamfanin zuba jari na Japan, aka kammala cinikin farkon 2021. Waɗanda suka rage sun rage ne saboda sun koma sayar wa mutane kaɗan kaya masu tsada. Tambayata ita ce: mutum nawa ne cikin waɗannan 'yan kaɗan ke shigowa shagon ɗan uwanmu?

Ummu Amal:
Ni dai bari in faɗi ta ɓangaren masu saye. Ina sayar da turaren wuta da humra, kuma duk cinikina ta Instagram da WhatsApp yake zuwa. Na daɗe ina sha'awar kyamara, amma da na zauna na duba, abin da ke ɓata mini bidiyo duhu ne da hayaniya. Na sayi fitilar zobe da ƙaramin makirfo mai maƙalawa a riga, shi ke nan aikin ya gyaru. A wayar nake ɗauka, a cikinta nake yankawa, daga cikinta nake ɗorawa. In da kyamara ce sai na cire memori, na nemi kwamfuta, na jira wuta. Yawancin matan da muke sana'a tare haka suke yi. Yaya mai shago, in kana neman abin da zai tafi kullum, fitila da makirfo da ƙafar ɗora waya ne.

Editan Zoo Road:
Hajiya, don tallar turare waya ta wadatar, na yarda. Amma ki ba mai waya aikin dina a babban zaure da dare, amarya na shigowa daga nesa, fitilu na canja launi, a kuma ce ya yi awa huɗu yana ɗauka. Wayar za ta yi zafi ta tsaya, kuma fuskar amarya za ta fito kamar an shafe ta. Ba iyayen amaryar da za su biya kuɗin wannan aikin.

Ummu Amal:
Gaskiya ne, ni ma a bikin ƙanwata masu kyamara muka ɗauka. Amma su nawa ne a gari, mu nawa ne? Shi fa shago yake da shi, yawan masu shigowa yake nema.

'Yar Jami'a:
Ina neman afuwa zan sa baki cikin maganar manya. 'Yan matan da ke tambayar kyamarar aljihu, ni na san abin da suke nema, don ina cikinsu. Ba wai ta fi waya kyau ba ce. Hoton waya yanzu duk iri ɗaya ne, wayar ce ke gyara shi kafin ma ka gani, ta goge fata, ta haska ko'ina. Ƙaramar kyamara mai filasha tana ba da wani kala daban, kuma ba ta kawo maka saƙo ko kira kana tsakiyar ɗauka. A TikTok abin ya yaɗu, shi ya sa tsofaffin Canon IXUS da Sony Cyber-shot da aka watsar suka sake yin daraja, Canon G7 X kuma har ta yi wuyar samu. Fujifilm X100VI da ta fito a 2024 sai da mutane suka yi watanni a layi kafin su samu, duk da farashinta a lokacin dala 1,599 ne.

Malamin Lissafi:
Madalla da wannan bayani, 'yata. Bari mu mayar da shi naira. A ce dala tana 1,500, dala 1,599 ta kama kusan naira miliyan 2.4, ba a sa kuɗin jigila da kwastam da ribar mai shago ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wato albashin kusan shekara uku. Osmo Pocket 3 da ta fito ƙarshen 2023 a kan dala 519 ita ma ta doshi naira 800,000. Layin da aka yi a Tokyo da Shanghai da New York gaskiya ne, amma ba aljihunmu ya yi shi ba. A alƙaluman CIPA ma China ce ta fi jan ƙarin da aka gani a shekarun nan. Afirka ko layinta na kanta ba ta da shi a jadawalin, tana cikin abin da suka kira sauran yankuna.

'Yar Jami'a:
Haka ne Malam, shi ya sa mu na hannu muke nema. Ba wadda na sani da ta sayi sabuwa.

Baba Mai Hoto:
To kun ji. Na hannu. Kuma kyamarar da ta shekara goma sha biyar a ajiye, wa zai ba ka garanti a kanta? Yau ta kunna, gobe gilashin ya maƙale ya ƙi komawa ciki. Wasu ma memorin da suke ci an daina yin irinsa. Yarinya ta dawo maka da ita bayan sati, ko ka mayar da kuɗi ko ka ɓata da iyayenta.

Injiniya:
Ina so in ƙara wani abu da ba a cika faɗa ba. Mutane ba su daina sayen kyamara ba, wurin zamanta ne ya canja. Duk shekara ana sayar da wayoyin zamani sama da biliyan ɗaya a duniya, yawancinsu da ido biyu ko uku a baya, ɗaya a gaba. Sensa, wato abin da ke karɓar haske ya mayar da shi hoto, wadda ke cikin da yawa daga manyan wayoyin nan, har da iPhone, Sony ce ke ƙera ta, kuma ita ce kan gaba a wannan kasuwa. Ke nan ko ka sayi kyamarar Sony Alpha ko ka sayi waya, akwai yiwuwar kuɗinka ya isa Japan.

A nahiyarmu kuma ku dubi Transsion, masu Tecno da Infinix da itel. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka ba su kasuwar Afirka shi ne sun zauna sun gyara kyamarar wayarsu ta riƙa fitar da baƙar fata da kyau, lokacin da sauran kamfanoni ba su damu ba. Wannan ciniki ne na kyamara, sai dai ba zai taɓa fitowa a jadawalin CIPA ba. Mai shago, kai tun tuni kana sayar da kyamara, a jikin waya.

Abin da waya ba za ta iya ba shi ne abin da Edita ya faɗa, kuma dalilinsa girman sensa ne. Ta babbar kyamara milimita 36 ce a faɗi, 24 a tsaye. Ta waya ba ta kai ko kusa ba, don babu wurin sa ta. Babbar sensa ta fi tara haske, shi ya sa da dare bambancin ke fita. Waya da lissafin manhaja take cike giɓin, tana haɗa hotuna da yawa ta fitar da ɗaya. A hoton tsaye dabarar na aiki sosai, a bidiyo mai motsi cikin duhu tana gazawa.

Editan Zoo Road:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Kuma akwai wani giɓi a alƙaluman Malam da ya kamata a faɗa. Masu ƙera ƙananan kyamarorin bidiyo, DJI da Insta360 kamfanonin China ne, GoPro na Amurka, duk ba sa cikin wannan ƙidaya ta CIPA. Ke nan Osmo Pocket ɗin da ake tambayar mai shago, komai yawan da aka sayar, ba ta cikin miliyan 8.5 ɗin. Ɓangaren da ya fi motsi a kasuwar bidiyo shi ne ba a gani a jadawalin da kowa ke kafa hujja da shi. Insta360 ma a 2025 ta shiga kasuwar hannun jari ta Shanghai.

Malamin Lissafi:
Wannan gyara ne mai kyau, kuma shi zai kai ni ga maganar hasashe, wadda ita ce ta fi damuna a tambayar farko.

Akwai wata ƙaramar kyamarar bidiyo da ake kira Flip, girman waya, maɓalli ɗaya ja, ka ɗauka ka cusa a kwamfuta. Ta yi tashe a Amurka har Cisco ta sayi kamfanin a 2009 a kan dala miliyan 590. A watan Afrilun 2011 Cisco ta rufe shi gaba ɗaya. Shekara biyu kacal. Waɗanda suka amince da wannan ciniki ba jahilai ba ne, suna da masana da rahotanni da jadawalin da ke nuna layi yana hawa. Abin da ba ya cikin jadawalin shi ne waya ta fara ɗaukar bidiyo mai kyau.

GoPro ta shiga kasuwar hannun jari a 2014 ana ta murna, a 2015 cinikinta ya kai dala biliyan 1.6. A 2024 kusan rabin haka ta samu. Ba mutane ne suka daina son ƙaramar kyamarar motsi ba, DJI da Insta360 ne suka shigo suka raba kasuwar da ita. Don haka ko ka yi daidai a kan cewa wani nau'in kaya zai yi kasuwa, kana iya yin kuskure a kan wane kamfani zai ci.

Rahotannin da ke yawo a intanet masu cewa kasuwar kaza za ta riƙa ƙaruwa da kashi kaza duk shekara har zuwa 2030, yawancinsu abin da suke yi shi ne su ɗauki shekara biyu ko uku da suka wuce su ja layi gaba. Muddin ba abin da ya canja, za su yi daidai. Amma a wannan sana'a canjin shi ne labarin. Girgizar ƙasar Japan da ambaliyar Thailand a 2011 sun tsayar da masana'antun Nikon da Sony. Girgizar ƙasa a Kumamoto ta Japan a 2016 ta taɓa masana'antar sensa ta Sony, kamfanoni da dama suka rasa kayan haɗi. Sai korona, sai ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki da ya biyo baya. Ba ɗaya daga ciki da ya fito a hasashen kowa.

Injiniya:
Amma Malam a yi wa masu hasashe adalci. Shugaban Canon, Fujio Mitarai, ya faɗa a farkon 2019 cewa kasuwar kyamarori masu canjin gilashi na iya raguwa da rabi cikin shekara biyu. A lokacin ana fitar da sama da miliyan 10 a shekara. A 2020 adadin ya dawo miliyan 5 da 'yan kai.

Malamin Lissafi:
Ya faɗa, kuma ya faru, ko da yake korona ta taimaka. Amma ka lura da wanda ya yi maganar. Mutum ne da ke ganin odar dillalansa kullum, kuma hasashen nasa bai yi wa kamfaninsa daɗi ba. Irin wannan na fi saurara a kan na mai sayar da rahoto, wanda ya san ba mai sayen rahoton da ke cewa kasuwa za ta mutu.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga jama'a daga Nijar. Mu matsalarmu ta bambanta da taku kaɗan. Sefa a ɗaure take da yuro, don haka farashi ba ya tsalle dare ɗaya kamar yadda ya yi muku bayan Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati har ta wuce 1,500. Mu hanya ce ta dame mu. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da iyakar Benin ta rufe, kayan da ke zuwa ta Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, ga daɗewa ga ƙarin kuɗi. Masu ɗaukar biki a nan da yawa daga Kano suke sayen kayan aikinsu, ko su ba mai zuwa Dubai saƙo. Kuma kusan duka na hannu ne. In mai shago zai kawo kaya masu lafiya ya kuma tsaya a kan maganarsa, akwai masu saye daga wajenmu. Ba su da yawa, amma suna dawowa.

Editan Zoo Road:
Yauwa, ga inda nake son a zo. Kasuwarmu ba ta bin ta Japan kafaɗa da kafaɗa, bayanta take bi, kuma wannan dama ce. A 2020 ne sababbin kyamarori marasa madubi suka wuce DSLR, wato tsohon tsari mai madubi a ciki, a yawan fitarwa. A 2024 marasa madubi sun haura miliyan 5, DSLR kuwa ta tsaya wajen miliyan ɗaya. Canon da kanta ta ce 1D X Mark III ce babbar DSLR ɗinta ta ƙarshe. Me wannan ke nufi? Masu hoto a Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin DSLR da gilasansu don su koma sabon tsari. Waɗannan kayan ne ke sauka a Legas, a Computer Village da Alaba, su hauro Arewa. Yaron da ke son fara ɗaukar hoton biki ba zai iya sayen sabuwar Canon R6 ba, amma zai iya haɗa kuɗin 5D Mark III ko 80D ko Nikon D750 ta hannu, kuma za ta ciyar da shi shekaru. Faɗuwar DSLR a can ita ce arharta a nan.

Baba Mai Hoto:
Wannan magana taka tana da kyau, ɗana, amma sai wanda ya san kaya. Kyamarar hannu ba kamar waya ba ce da za ka kunna ka ga allo ya kawo ka ce lafiya. Sai ka duba yawan hotunan da ta harba tun da aka ƙera ta, don shata, wato murfin da ke buɗewa ya rufe a duk harbi, tana da iyakar rai. Sai ka haska cikin gilashi ka ga ko danshi ya sa ya yi fumfuna. Sai ka ɗauki farin bango ka ga ko sensa na da tabo. Mai shago ya san waɗannan? In bai sani ba, waɗanda suka sani za su sauke masa duk abin da suka rasa yadda za su yi da shi. Ga ƙurar hunturu a nan, wadda ba ta barin sensa lafiya. Masu gyaran kyamara na gaske kuma a garin nan ba su da yawa.

Mai Shagon Waya:
Baba ban san su ba sosai, sai dai in nemi wanda zai riƙa duba mini. To in na fahimce ku, sabuwar kyamara mai tsada ba tawa ba ce, ta aljihu kuma yayi ne.

'Yar Jami'a:
Yaya ban yarda a ce yayi ne kawai ba. Fujifilm tun 1998 take sayar da Instax, mai fitar da hoto a takarda nan take, kuma har yau tana cikin abubuwan da suka fi kawo mata kuɗi a sashen hoto. Mutane suna son abin da ba waya ba. Sai dai na yarda ba za a tara su da yawa ba.

Malamin Lissafi:
Yayi ne ko ba yayi ba, ba wanda zai iya rantsewa yau. Abin da za ka iya yi shi ne kada ka sa kuɗin da in ya kwanta wata shida zai taɓa cinikin wayarka. Kayan lantarki ba sa jira. Ranar da DJI ta fitar da sabon samfuri, wanda ke kan kantarka ya rage daraja. In kuma naira ta ƙara ƙarfi bayan ka saya da tsada, maƙwabcinka da ya kawo nasa daga baya zai karya maka farashi.

Ummu Amal:
Shi ya sa na ce ya fara da ƙananan kaya. Mai waya na buƙatarsu, mai kyamara ma na buƙatarsu.

Editan Zoo Road:
A nan na yarda da Hajiya, da sharaɗi ɗaya: ya kawo na gaske. Jabun memori ya yi mana illa ƙwarai. An rubuta 128GB a jiki, kana cikin ɗaukar kamu sai ya tsaya, ko ka je gida ka tarar fayil ya ƙi buɗewa, kuma biki ba a maimaita shi. Duk mai shagon da muka tabbatar memorinsa da batirinsa na asali ne, ba ma sake zuwa wani wuri ko da ya fi tsada.

Sannan ka yi tunanin haya. Yawancin masu ɗaukar shiri ba su mallaki kyamarar da suke aiki da ita ba, haya suke yi na kwana. Kyamara ɗaya mai kyau da gilashi biyu da gimbal, wato mariƙin da ke hana hoto girgiza, za su iya fita sau da yawa a wata, musamman bayan sallah da ƙarshen shekara da bukukuwa ke yawa. Ga zaɓen 2027 na tafe, kowane ɗan takara sai ya kafa tawagar masu ɗaukar masa hoto da bidiyo.

Baba Mai Hoto:
Haya kuma sai da mai tsaya wa mutum. Kada ka ba wanda ba ka san gidansu ba, komai kyan maganarsa. Kuma aikin 'yan siyasa a karɓi kuɗi kafin kaya su fita.

Injiniya:
Ƙarin jan hankali ɗaya, tun da an ambaci DJI. In masu saye suka fara tambayarka jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi, ka sani shi ba kamar sauran kaya ba ne. Shigo da shi da tashinsa a Najeriya na buƙatar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro da hukumar kula da sufurin jiragen sama, kuma kwastam na iya riƙe shi. Osmo Pocket da gimbal da makirfo ba su da wannan matsalar.

Malamin Lissafi:
Edita, har yanzu ina da ja a kan maganar zaɓe. Shi ma hasashe ne. Kowa a layinku ya san 2027 na zuwa, kowa zai sayi kaya saboda shi, sai kuɗin haya ya faɗi saboda yawan masu bayarwa. Bayan an rantsar da waɗanda suka ci, kayan nan duk za su dawo kasuwa a lokaci ɗaya.

Editan Zoo Road:
Za su dawo, amma wanda ya saya da wuri ya riga ya fitar da kuɗinsa. Kuma biki ba ya ƙarewa da zaɓe, Malam.

Ɗan Damagaram:
Mai shago, in ka yanke shawarar kawo na hannu, ka sanar a nan. Akwai mutum biyu a wajenmu da ke neman gilashin Canon 50mm da 24-105. Amma za su so a gwada a gabansu kafin su biya.

Mai Shagon Waya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan fara da memori da batir da makirfo da fitila, Osmo kuma sai wanda ya ba da kafin alƙalami zan yi wa oda. Maganar DSLR ta hannu da haya zan zo in same ka a ofis, Edita, in ga kayan da idona. Baba, in ba damuwa ina so ka haɗa ni da mai gyaran da ka yarda da shi. Sauran tambayata ɗaya: masu kawo batir daga China, ta jirgin sama kuke bi ko ta ruwa? An ce mini wasu masu jigilar sama ba sa karɓar batir in ba a jikin na'ura yake ba.

Injiniya:
Haka ne, batirin lithium da ba a jikin na'ura ba yana da dokoki masu tsauri a jirgin sama, shi ya sa wasu ke ƙin karɓa, wasu kuma su caji kuɗi daban. Ka tambayi wakilinka a Guangzhou ko yana da layin kayan batir kafin ka biya, kuma ka sa a rubuta maka a takarda. In ba ka gaggawa, ta ruwa ya fi sauƙin kuɗi, sai dai ka lissafa da jiran fitar kaya a tashar Legas.